Ciwon Bakin Inna Taiba

Maradun, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ɗiyata Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lahiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Ina gajiya, ina haƙuri da jama'a? In kin leƙa gida ki gaishe mini da mahaifiyarki, ki ce mata ko da zumuncinmu na kakanni ne, ban manta da ita ba.

Tun da anka rufe layukan waya na rasa yadda zan ji muryarki, sai na koma ga biro. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina amarya, ki yi haƙuri da hannuna. Zubairu direba zan ba ya kawo miki.

Mu nan sai godiya. An hana cin kasuwa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna nan jibge ba mai saye. Mutanen ƙauyukan wajen Janbako sun gudo cikin gari tun watan jiya, mai unguwa ya rarraba su gidaje. Ni an ba ni mata huɗu da 'ya'yansu, cikinsu har da wata yarinya mai goyo, Nazifa. Gidan da tun rasuwar maigidana Malam Umar ba kowa sai ni da awakina biyu, yanzu tukunya ba ta sauka daga murhu.

Sai kuma matsalar baki da ta dawo. Ta hana ni sakewa, abinci ma ba ni jin daɗinshi. Ke kin san irinta. In da hali ki aiko mini da saƙona na wata uku da wuri, kada ki jira lokaci ya yi.

Allah shi yi miki albarka.
Innarki, Taiba


Talata Mafara, 24 ga Satumba, 2021

Inna Taiba,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na ji daɗin ganin rubutunki. Lafiyata lau, Mama ma lafiya, tana gaishe ki. A tsaye nake rubutu don Zubairu yana jirana a bakin ƙofa.

Na ji matsalar baƙin da ta same ki. Allah Ya saka miki, Ya mayar da su gidajensu lafiya. Dole abinci ya fita ranki, mutum ɗaya da ɗawainiyar mutum goma. Ga shinkafa tiya biyu da sabulu, ki rage.

Na manne ambulan, Zubairu kuma ba ya karatun boko, don haka bari in yi magana a fili. Ƙwayoyinki na cuta mai karya garkuwar jiki da na aiko a tsakiyar Yuli za su kai ki tsakiyar Oktoba. Na duba katinki, da sauran lokaci. Gobe za a tura mu Bakura saboda amai da gudawa da ya ɓarke can, an ce sati biyu. Ina dawowa zan karɓo miki sababbi.

Don Allah kada ki ce za ki taso ki zo Mafara. Ki zauna inda kike.

Taki, Lailatu


Maradun, 10 ga Oktoba, 2021

Ɗiyata Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin dawo daga Bakura lahiya, Allah shi kare ki daga abin da kuke magani. Shinkafa ta iso, mun gode. Yara sun ci sun lashe kwano. Ni dai kallo na yi.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Na ga inda kika ce in zauna inda nike. To, na zauna. Na san ke yarinya ce mai tasowa a wurin aikinki, kuma na san abin da mutane ke cewa in sun ga irinmu kan bencin nan na bayan asibiti. Ban taɓa son in zama abin kunya gare ki ba, kuma ba ni farawa yanzu.

Abin da na roƙa dai shi nike sake roƙo. Ki aiko, in an ba ki.

Na gwada kanwa da zuma, na gwada ruwan bagaruwa. Sai dai ƙarin zafi.

Innarki, Taiba


Maradun, 29 ga Oktoba, 2021

Lailatu,

Sallama da gaisuwa. Zubairu ya ce ya bar wasiƙata ga mai gadinku tun sati biyu da sunka wuce, ya ce ba ki dawo ba. Wagga ma zan ba shi, ko Allah ya sa.

Yau zan faɗi abin da sunanshi, ko wa zai karanta ya karanta. Bakina ne. Farin nan ya rufe mini harshe da dasashi da cikin kumatu, kamar an shafa kindirmo ya bushe. In na goge da tsumma sai wurin ya yi ja, ya yi jini. Gefen leɓɓana ya tsage. Yanzu ya sauka maƙoshi, ko ruwa na haɗiya sai in ji kamar garwashi yana bin ƙirjina. Koko nike sha da cokali, shi ma ba kullum ba. Zanena sai na ƙara ɗaurewa. Karatun da nike yi bayan asuba na bari, harshe ba ya juyawa.

Irin na shekara huɗu da sunka wuce ne, ranar da na zo miki kika kai ni anka auna jinina. Amma wanga ya fi shi.

Ba ni da ƙwaya ko ɗaya.

Taiba


Talata Mafara, 2 ga Nuwamba, 2021

Inna,

Assalamu alaikum. Ban san da wane ido zan tambaye ki lafiya ba. Jiya da la'asar muka dawo daga Bakura. Sati biyun da aka ce mana ya zama sati biyar. Mai gadi ya miƙo mini wasiƙunki biyu tare, na karanta su a tsaye, jakata tana kafaɗa.

Daga nan na shiga ɗaki na ciro ta farko daga cikin littafin da na cusa ta. Kin rubuta baki. Ba lanƙwasa a kan harafin, rubutunki a fili yake. Har kin ce ni na san irinta. Ni ce na karanta baƙi, don matsalar baƙi shinkafa tiya biyu take buƙata, matsalar baki kuwa sai na tsaya na yi tunani, ni kuma mota tana jirana. Na karanta abin da ya fi mini sauƙi.

Fara da wannan kafin ki gama karatu. Cikin ƙullin akwai abu uku. Robar farko ƙwayoyinki ne na kullum, ki koma kansu yau. Ƙananan da ke cikin farar takarda na bakin ne, likita ya rubuta da na karanta masa bayaninki: ɗaya kullum har sati biyu, ko kin ji sauƙi kada ki tsaya. Na kwalba kuwa ki ɗiga a baki sau huɗu a yini, ki juya shi ya taɓa ko'ina, ki daɗe kafin ki haɗiye. Ki bar kanwa da bagaruwa, ki daina gogewa da tsumma. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri ya isa kurkura. Ki sha kunun gyaɗa marar zafi, da nono, ba yaji ba tsami.

Abin nan irin funfuna ne, dangin wadda ke fitowa kan tuwon da ya kwana biyu. Kowa yana da ƙwayarta a baki, garkuwar jiki ce ke danne ta. In ta yi yawa har ta sauka maƙoshi, to garkuwar ta faɗi sosai. Shi ya sa likita ya ce lallai ki zo a duba ki cikin satin nan.

Maganar zuwa Mafara: wallahi hanya nake nufi, a satin an tare motoci biyu. Amma ba ki yi kuskure da kika fahimce ni yadda kika fahimta ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ranar da aka auna ki, wata abokiyar aikina ta tambaye ni, "Wannan 'yar'uwarki ce?" Na ce mata, "A'a, 'yar wajenmu ce kawai." Kina zaune ba nisa, ban sani ba ko kin ji. Bayan shekara biyu na ce miki ki bar katinki a hannuna in riƙa karɓo miki magani don in hutar da ke wahalar mota. Wahalar mota gaskiya ce, amma ba ita ce dalili ba. Ba na son a gan ki kan bencin nan a ce dangina ce. Saboda haka shekara biyu ke nan ba wanda ya sake auna jininki, ba wanda ya ce ki buɗe baki ya duba. Ni na jawo.

Ke kika riƙe ni wata shida a gidanki lokacin da Mama ta yi jinya ina 'yar shekara tara. Ki yafe mini in za ki iya.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Ranar 19 ga Satumba kina da sauran ƙwayoyin kusan wata guda. Me ya sa bakin ya dawo tun lokacin?

Ɗiyarki, Lailatu


Maradun, 9 ga Nuwamba, 2021

Ɗiyata Lailatu,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah shi biya ki. Yau kwana shida ina sha. Farin ya fara janyewa daga kumatu, jiya na haɗiyi kunu rabin kofi ban yi hawaye ba.

Na ji abin da kika ce ma abokiyar aikinki a ranar. Kunnena ba shi da ciwo. Na yi kuka a mota har Maradun, daga baya na ce yarinya ce, tsoro ne. Na yafe tun tuni. Ki bar ɗaukar kayan duka a kanki, don rabi nawa ne, kuma ga shi.

Nazifa da na gaya miki. Kwana uku da saukarsu, da hantsi na shiga ɗakin da nike aje gyaɗa, na iske ta tana girgiza wata roba a kunne. Ba komi ciki. Tana ganina ta cusa ta cikin zane. Ni kuwa na san robar nan ko cikin duhu. Na rufe ƙofa, na ce, "Tun yaushe ta ƙare?" Ta ce, "Wace?" Na je na ɗauko tawa na aje kusa da ƙafarta. Sunan da ke jiki iri ɗaya. Ta dubi robobin biyu, ta ce, "Inna, kwana tara. Masu ba mu magani sun gudu kafin mu." Da ciki anka gano nata. Mijinta Mukhtar bai sani ba, shi ya tsaya baya wajen dabbobi. Ɗiyarta Hanifa tana wata huɗu, tana kan nono. Ta ce an gaya mata muddin tana shan magani nonon ba ya cutar da yarinyar.

Ke kin san Fa'iz, autana. Shekara biyu na shayar da shi ban san abin da ke jinina ba. Bakinshi ya yi farin nan kafin nawa, na yi ta goge mishi da zuma ina cewa haƙori ne. Ya rasu a bayana, a hanyar kemis. Ba ranar da ba ni tuna cewa daga jikina ya sha abin da ya kashe shi. Malamai sun ce ba laifi ga wanda bai sani ba. Na yarda da su, amma zuciya ba ta yarda ba.

Sai na tura mata robar. Na ce a raina ni na tsufa, jikina ya saba, sati kaɗan ba ya komi. Tun goma ga Agusta ban sake sa ƙwaya a baki ba. Na so in gaya miki a wasiƙar farko, na ji tsoron ki yi faɗa, kuma sirrin ba nawa ba ne. Da na faɗi gaskiya tun ranar, da kin san abin yi. Ga shi wayona bai kai ko'ina ba: ƙwayoyin sun ƙare mata tun wajen ashirin ga Oktoba, ta yi sati biyu tana shayarwa ba magani. Da naki sunka iso na sake raba mana, don ba ni iya haɗiya tana kallo.

Na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Mun shirya, ranar Litinin za mu biyo Zubairu mu uku. An ce da rakiyar sojoji ake wucewa da safe.

Innarki, Taiba


Maradun, 12 ga Disamba, 2021

Ɗiyata Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar ɗawainiya? Allah shi saka miki kwana biyar ɗin da kika yi kina jinyata a asibiti. Ki gaishe da likitan nan mai faɗa. Ki ce mishi na ji, ba ni sake raba magani da kowa, kuma zan dawo awon jini ranar da ya sa. Ki gaishe da abokiyar aikinki da kika kawo har bakin gadona kika ce mata, "Ga innata."

Baki ya warke sarai, sai ɗan tsagewar gefe. Shekaranjiya na ci tuwon dawa da miyar kuka, na koma karatuna.

An maido layin waya, amma wagga magana ba ta waya ba ce, gidan cike yake da kunnuwa. Nazifa ta tahi. Ranar Laraba Mukhtar ya zo, an kwashe mishi dabbobin duka, ya ce ba ya zama gari ana ba shi sadaka, za su nemi aikin fadama wajen Bakura. Ko awa biyu bai ba ta ba. Na ja ta ɗaki na ɗinke mata ƙwayoyin wata ukun da kunka ba ta cikin matashin kai, da ruwan maganin Hanifa, da katinta. Na ce, "Ki gaya mishi, shi ma a auna shi." Ta ce, "Inna, mutumin da ya rasa komi jiya, yau in ƙara mishi wannan?" Na ce, "To sakamakon jinin da anka ɗiba a diddigen yarinya hwa?" Ta ce in ya fito in aje mata, za ta aiko. Ba ta da waya, shi kuma wayarshi ta tahi tare da shanu.

Ban tambayi sunan ƙauyen ba. Ina tsaye a ƙofa har sunka sha kwana, sannan ya faɗo mini. Tun ranar nike zagin kaina.

Innarki, Taiba


Talata Mafara, 16 ga Janairu, 2022

Inna Taiba,

Wa alaikumus salam. Ina fata kina lafiya, kina cin abinci, kina shan magani kan lokaci. Mama tana gaishe ki, ta ce rabonki da gidanmu ya yi yawa.

Sakamako biyu sun fito. Naki ya nuna cutar ta yi yawa a jini, amma likita ya ce haka ake tsammani bayan hutun da kika yi. Za a sake aunawa bayan wata uku a ga ko maganin yana ci har yanzu. In farin nan ya sake leƙowa, ko ɗan ɗigo ne, ki taso a ranar.

Na Hanifa kuma: ba a ga cutar a jininta ba. Na karanta takardar sau biyu, na ba wata ta sake karanta mini, don na daina amincewa da idona. Sai dai ba a gama ba. Muddin tana shan nono sai uwar ta ci gaba da magani ba fashi, kuma sai an sake auna yarinyar nan gaba da bayan yaye. Ƙwayoyin Nazifa za su ƙare tsakiyar Fabrairu.

Ranar Asabar da ba ni da aiki na je Bakura. Na bi wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune, na bi bakin fadama, na tambayi waɗanda na sani tun lokacin amai da gudawa ko wata ta zo da kati daga Mafara. Ba wanda ya san ta. Matan suna ganina sai su yi shiru, su ce Nazifa da yawa take. Na dawo da takardar a jaka.

Ina ta lissafa sati biyun nan da ta shayar ba magani saboda na bar wasiƙarki cikin littafi. Allah Ya rufa mana asiri a wannan karon. Ban san ko zai sake ba mu irin wannan damar ba.

Ɗiyarki, Lailatu


Maradun, 21 ga Janairu, 2022

Ɗiyata Lailatu,

Assalamu alaikum. Lahiyata lau, baki sarai, magani ba fashi.

Na karanta maganar Hanifa a ɗakin gyaɗa. Na yi sujada a nan kan buhu. Na fito tsakar gida ina son in gaya ma wani, na duba fuskokin da ke nan, ba wanda zan iya gaya ma. Sai na ɗebi dusa na ba awaki.

Ki daina lissafin nan, ba ya ƙara ma yarinyar komi. Kuma ba laifinki ba ne da matan sunka yi shiru. Ke kin je da takalmin asibiti da Hausar 'yan boko, sun ɗauka rubuta sunaye kika zo yi. Mai tallan ƙuli-ƙuli kuwa ba gidan da ba ta shiga, kuma ba wanda ke ɓoye mata wace ce ta zo daga Janbako da goyo. Na soya kwano uku. Ranar kasuwar Bakura mai zuwa zan biyo ta Mafara da safe, ki ba ni takardar in wuce. In ban same ta ba in koma wani satin, muna da sati uku.

Ki roƙar mini likita ya ba da nata na gaba in tahi da su. Ki ce mishi kada ya damu. Ki rubuta sunan kowa a jikin robarshi, tawa daban, tata daban.

Innarki, Taiba